Hutun Gardama

Bayan rasuwar Mama, Baba ya daina magana. Ba kurumcewa ya yi ba, kuma ba fushi yake da kowa ba. In ka gaishe shi zai amsa. In na ajiye masa tuwo zai ce sannu. Daga nan shi ke nan. Mutumin da ya yi aikin reluwe a Kafanchan tun yana saurayi, wanda in ya buɗe baki a tsakar gida sai an ji shi daga bakin titi, wanda Mama kan ce masa, "Kai dai ko kabarinka ake haƙa sai ka tashi ka ce ba a haƙa daidai ba," shi ne ya koma yini guda ba zai haɗa jimla biyu ba.

Ni ce auta, ni kaɗai kuma na rage a garin. Ina koyarwa a firamare, na kwaso kayana na dawo gidan don in riƙa kula da shi. Ba abin da ban gwada ba. Na kira fasto ya zo ya yi addu'a, Baba ya ce amin. Na sa aka ɗauko ƙanwarsa daga Madakiya, garinmu na asali, ta zauna tana zuba masa hira da yarenmu, wanda ya mutu, wadda ta haihu, wanda akuyarsa ta shiga dawar maƙwabci. Ya saurara, ya gyaɗa kai. Da za ta hau mota ta kama hannuna ta ce, "Wannan ba yayana ba ne, jikinsa ne kawai kike ba abinci." Na ji haushin maganar sosai, don na san gaskiya ta faɗa.

Wuri ɗaya ya rage a duniya inda bakin Baba ke buɗewa, shi ne gidan kallon Manaja, ranar Asabar.

Kada wani ya ji gidan kallo ya zaci wani abin a zo a gani. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano a kusa da layin dogo, da bencina, da bango guda da aka shafa wa farin fenti. Mai shi kowa Manaja yake ce masa. Ibo ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo mahaifinsa, a nan aka haife shi, Hausarsa kuwa irin ta garinmu ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Da talabijin da kaset ya fara, daga baya ya sayi majigi. Shekarun da aka yi ta fama da tashin hankali da dokar hana fita ne suka mayar da kallon zuwa rana tsaka, ya kuma zauna a haka. Abin ya yi wa mutanen ƙauye daɗi, su sayar da kayansu a kasuwa, su shiga kallo, su kama hanya kafin rana ta faɗi.

Abin da ya bambanta ɗakin nan da kowane shi ne hutun gardama. Asalinsa ba dabara ba ce, larura ce. Tsohon janaretan Manaja ba ya iya kai fim ƙarshe sai ya yi zafi, dole a kashe shi ya sha iska. Don kada jama'a su cinye shi ɗanye, sai Manaja ya tsaya a gaban farin bangon ya ɗaga hannu ya ce, "To, jama'a! Me zai faru?" Kafin ka ce me, ɗaki ya kaure. Daga baya ya sayi sabon janareta, ya saki fim ya wuce ba tsayawa, ranar sai da aka kusa karya masa benci. Ya dawo da hutun. Har ya ƙware, ya san daidai inda zai yanke, a lokacin da wuƙa ta tashi sama, ko lokacin da mai gida ya sa hannu zai tura ƙofa.

Doka biyu ce a wurin, ba wanda ya rubuta su. Ta farko, in ka taɓa ganin fim ɗin, bakinka a rufe, ko tari ba ka yi. Wanda ya karya wannan, ba a ƙara zama kusa da shi. Ta biyu, a cikin hutun babu babba babu yaro. Ɗan acaɓa zai dubi dattijon coci ya ce, "Baba, ƙarya kake yi," a kwashe da dariya, ba wanda zai ce an yi rashin kunya. Ku da kuka san ƙasarmu kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A waje, tsoho in ya ce rana daga yamma take fitowa, sai ka ce ƙwarai kuwa.

Baba ne sarkin wurin, kuma in faɗi gaskiya, yawanci ba ya cin gardamar. Kullum yana ganin mutanen cikin fim za su yi hankali, su kuwa ba sa yi. Abokiyar karawarsa wata mata ce daga Godogodo mai sayar da doya, ƙatuwa, mai murya, ta girme ni amma ba ta kai shi ba. Da ya miƙe ita ma ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Baba, zauna, ba ka san mata ba!" Shi kuwa ya ce, "Ni da na zauna da guda tun kafin ki yi haƙora?" Wanda ya faɗi ya saya wa wanda ya ci rake a bakin ƙofa. Rake nawa matar nan ta sha a aljihun Baba, Allah ne ya sani.

Bayan jana'izar Mama da ɗan lokaci Manaja ya zo gaisuwa. Ya zauna da Baba, ya ga yadda yake. Da na raka shi ƙofa ya ce mini, "Malama, kawo shi Asabar. Ko bai so ba, kawo shi." Na kai shi kamar mai kai yaro allura. Ya zauna a bencinsa na gaba, hannu bisa gwiwa, rabin fim ya wuce bai motsa ba. Aka kashe. Manaja ya yi tambayarsa. Mai doya ta miƙe ta ce matar cikin fim guduwa za ta yi ta bar yaran, kuma ita ma da guduwar za ta yi. Sai na ji wata murya a gefena ta ce, "Ina! Ina! Uwa ce fa!" Na juya. Baba ne a tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi, yana nuna ta da yatsa. Na sa bakin gyale na toshe bakina, na yi kuka, ba wanda ya kula da ni don kowa na ihu.

Ya faɗi gardamar, matar ta gudu. Amma duk hanyar gida yana magana. Ya zagi wanda ya tsara fim ɗin, ya zagi mai doya, ya ba ni labarin wani direban jirgi da matarsa ta gudu Jos. Lahadi bayan sujada yana nan yana yi. Litinin ya fara raguwa. Kafin Laraba ya sake yin shiru. Haka muka zauna, Asabar ta ba mu uba na kwana biyu ko uku, sauran kwanakin mu jira. Ban raina ba, wallahi ban raina ba.

Sai bencina suka fara zama wayam. Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Wutar sola ta shigo gidaje, waya ta yi arha, matasa suka koyi sauke fim su tura wa juna. Yayana da ke Abuja ya aiko mana da wata ƙatuwar talabijin, ya ce ya biya kuɗin wata, finafinai ne a ciki ba iyaka, Baba ya huta da tafiya cikin rana. Na gode masa, don da zuciya ɗaya ya yi. Baba ya dubi abin ya ce sannu. A gidan kallo kuwa mutum ya ragu har gardamar ta zama ta tsofaffi 'yan kaɗan, suna jin muryarsu tana dawowa daga kwano. Duk da haka Baba da mai doya ba su fasa ba.

Wata Asabar bayan an tashi, Manaja ya ja ni bayan ɗaki wajen janareta. Ya ce wani mai sayen citta yana son ɗakin ya mai da shi sito, kuma 'ya'yansa sun matsa masa ya koma gabas, ƙasarsu ta Ibo, ya huta. "Gabas ɗin da ban san kowa ba," in ji shi, ya yi 'yar dariya. Na ce, "Manaja, in ka rufe ɗakin nan, ka rufe bakin ubana." Ya ce ya sani, shi ya sa ni ya fara gaya wa. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, "In ɗakin ya cika kamar da, ko sau ɗaya ne na gani da idona, zan ce wa mai citta ya nemi wani wuri."

Ni kuwa in na sa abu a gaba, a tambayi mutanen makarantarmu. Na bi matan zumunta na cocinmu ɗaya bayan ɗaya. Na tare malamai a ofis. Na tsaya a mahaɗar 'yan acaɓa na yi musu wa'azi har suka ce, "Malama, ya isa, za mu zo." Na aika Madakiya, na aika wa wata ƙawata a Manchok ta taho da mutanenta. Ban ɓoye wa kowa ba, na ce saboda Baba ne, ku zo ku taimake ni. Manaja kuma ya samo sabon fim, wanda a cewarsa bai daɗe da fitowa ba.

Da ya faɗa mini labarin farkonsa, sai na gane na riga na gan shi a wayar wata malama lokacin hutun tara a makaranta. Amma na ce ba komai. Ni zan kama bakina yadda doka ta ce, sauran jama'a su yi gardamar. Mutum ɗaya a cikin cikakken ɗaki, wa zai lura?

Ranar ta zo, kuma sun zo. Allah ya saka musu, sun zo. Ɗakin ya cika har ana tsayawa a jikin bango. Abin da ya fara damuna shi ne shigarsu. Mata sun sha ankon coci, maza da riguna masu guga. Wata ta zo da kunun gyaɗa a fulas, wani da lemo a leda, kowa ya shigo sai ya fara zuwa bencin gaba ya durƙusa ya ce, "Baba, ya jiki?" Baba da ba ciwo yake ba ya riƙa dubana. Manaja dai bakinsa har kunne, ya sa jar hularsa, yana ta shige da fice.

Labarin wa da ƙane ne da gonar gado. Wan ya kwanta asibiti a birni ya daɗe, ƙanen ya sayar da gonar a ɓoye. Tun ba a yi nisa ba na ji ɗakin ba daidai yake ba. Inda ya kamata a ce "kai!" ba wanda ya ce. Inda abin dariya yake, sai dariyar ta riga shi isowa. Matar da ke bayana tana faɗin maganar ɗan wasan a hankali kafin ya buɗe baki. Na juya na harare ta, ta rufe baki da hannu. Baba kaɗai ne ya miƙa wuya gaba, yana buga gwiwa, yana tsaki.

Wan ya warke ya dawo. Ya saɓa fartanya da sassafe ya nufi gona, ya tarar da shinge da baƙin mutane a ciki. Ya juyo gida, ga ƙanensa zaune yana wasa adda. A nan Manaja ya yanke. Aka buɗe tagogi, haske ya shigo. Ya tsaya a gaban bango ya ɗaga hannu biyu.

"To, jama'a! Me zai faru?"

Shiru. Ka ji kukan kaza daga waje.

Baba bai lura ba tukuna. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya juyo ya fuskanci jama'a. Rabon da ya ga mutane haka a gabansa an daɗe, na ga idonsa yana ƙyalli. Ya ce wan ba zai taɓa ƙanen ba. Ya ce nono ɗaya suka sha, gona kuwa ƙasa ce, ana samun wata. Ya ce zai ajiye fartanyar ya zauna, ya ce a kawo abinci su ci tare, kuma kunyar wannan cin abincin ta fi sara ciwo. Ya yi magana mai kyau, ban taɓa jin ya yi irinta ba. Ya gama, ya tsaya yana jiran wanda zai taso masa.

Wani daga baya ya ce, "Haka ne, Baba."

Wata ta ce, "Gaskiya ne." Sai wani marar wayo ya fara tafi, wasu suka bi shi.

Na duba dama, na duba hagu. Kowa na kallon na kusa da shi, yana jira shi ya tashi. A nan na gane. Duk mun gani. 'Yan acaɓa, malamai, matan zumunta, mutanen Manchok, har na Madakiya da nake ganin ko sabis ba su da shi. Kowa ya zauna da irin tunanina, shi zai yi shiru, saura su yi. Kuma ba mai iya tashi ya yi gardamar ƙarya, don a ɗakin nan muka girma, mun san abin da ake kiran mai yin haka.

Baba ya dube su. Sannan ya yi abin da har yau ban manta ba. Ya ce, "To, na canja. Zai sare shi. Zai ƙwace addar ya sare shi, ya jefa shi a rijiya." Ya faɗa da ƙarfi, yana zare ido, yana neman faɗa ƙiri-ƙiri.

Wani dattijo ya ce, "Wannan ma zai yiwu, Baba."

Sai ya juya wajen mai doya. Tana zaune a inda ta saba, kanta a ƙasa, tana murza bakin zane. Ya ce, "Ke fa? Yau bakinki ya mutu?"

Ta ɗago, idonta ya cika. Ta ce, "Baba, jikana ya nuna mini a waya. Wallahi ban san shi za a sa ba. Ka yi haƙuri."

"Ke ma?"

"Ni ma, Baba."

Ya sake duban ɗakin tun daga gaba har baya, da ankon, da fulas ɗin kunu, da ledar lemo a ƙarƙashin bencinsa. Ya dube ni. Sannan ya ce wa Manaja, murya a ƙasa, "Abokina, ba wa mai citta ɗakinsa." Ashe maganar ta riga ta kai kunnensa. Ya zauna. Manaja ya tsaya da hannu a sama kamar ya manta yadda ake saukewa, daga baya ya je ya kunna. Aka kalli sauran a shiru. Da aka tashi mai doya ta sayo rake ta kawo wa Baba, ya karɓa ya ce sannu, ya riƙe shi a hannu har gida bai ɓare ba.

Na yi fushi da mutanen nan, na daɗe ina fushi. Na ce ko ɗaya a cikinku ba zai iya daurewa ya yi ƙarya don tsoho ba? Wani ɗan acaɓa ya ce mini, "Malama, ke me ya hana ki?" Sai na ce masa ya ja babur ɗinsa ya ba ni wuri.

Kafin kaka ta ƙare an kwashe bencina. Yanzu buhunan citta ne har rufi, in ka bi ta layin sai ƙamshin ya sa ka atishawa. Manaja ya tafi gabas. Yakan kira ni jefi-jefi, ya ce can ba mai jin Hausa, shi da bango yake yi.

Yayana ya ce in daina cewa silima ta mutu. Da na je Abuja ya kai ni wata a saman wani babban kanti, kujeru masu laushi, sanyi har sai da na ja gyale, ga gugguru a kwali. Ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Da abu ya kai inda ya kai na ce, "Kai! Kada ki buɗe!" sai wata yarinya ta juyo ta sa yatsa a baki. Wataƙila irin wannan za ta daɗe, ga masu hali da masu son fita. Ni ma ina kallo a waya, ina wanke-wanke ina kallo, na tsayar in na ga dama, na koma baya in na ga dama, ba na raina wannan sauƙin. Abin da ban ga inda za a ƙara samu ba shi ne ɗaki cike da mutanen da dukansu ba su san abin da zai faru ba. Yanzu kowa ya riga wani gani, ko wani ya riga shi. Na faɗa wa yayana haka, ya ce na cika son abin da ya wuce.

Ban haƙura da wuri ba. Wata Asabar na zaɓi fim a ƙatuwar talabijin ɗin, wanda na tabbata ban taɓa gani ba, ko hotonsa. Na jawo wa Baba kujera, na rufe labule, na sayo rake na ajiye a faranti. Ya zauna don na ce ya zauna. Da aka kai inda ya dace na tsayar. Na miƙe a gabansa na ɗaga hannu, ina jin kaina kamar mahaukaciya, na ce, "To, Baba! Me zai faru?"

Ya tsura wa talabijin ɗin ido. Sai na fara ni kaɗai. Na zaɓi abin da na san ya fi tsana, na ce ɗan zai kori uwarsa daga gidan, kuma daidai ne ya kore ta, tsofaffi sun cika takura. Na ɗaga murya. Na ce, "Na rantse ban gani ba, Baba. Kuma duk abin da za ka faɗa ƙarya ne, ba ka san 'ya'yan yanzu ba!" Tun da aka haife ni ban taɓa gaya masa irin wannan ba. Ina ta roƙon Ubangiji a zuciya ya sa tsohon nan ya tashi ya zage ni.

Ya dube ni ya daɗe, da tausayi a fuskarsa. Ya miƙo hannu ya dafa nawa.

Ya ce, "Haka ne, 'yata."

Na saki fim ɗin ya ci gaba. Muka zauna har ya ƙare, kuma ko yau aka tambaye ni yadda ya ƙare ba zan iya faɗa ba.